Kashi 15 ɗinmu na ina?

A watan Afrilu na 2014 aka kafa wata doka a ƙasar nan wadda ya kamata kowane ɗan jahar Damagaram ya san da zamanta. Dokar ta ce harajin da gwamnati ke karɓa a kan man da aka tace a cikin gida za a kasa shi biyu: kashi 85 cikin 100 ya shiga baitulmalin ƙasa, kashi 15 ya koma wa ƙananan hukumomin jahar da matatar take. Matata ɗaya gare mu, Soraz, tana Bakin Birji a arewa da birnin Damagaram, tana aiki tun Nuwamban 2011. To Sassumbrum a jahar Damagaram take. Haka Magarya da Bande da Yekuwa da Kwaya da Waca, haka Dungas da Dogo-Dogo da Malawa da Guci. Ke nan duk motar da ta sha man Soraz, a Yamai take ko a Agadas, ta bar mana wani abu. Hakkinmu ne a rubuce, kamar yadda dokar ma'adinai ta 2006 ta yanka wa mutanen Arlit kashi 15 na kuɗin yuraniyom, dokar man fetur ta 2007 kuma ta yanka wa mutanen Difa nasu.

Nawa ne? Nawa aka tara bara, nawa ne rabon Sassumbrum a ciki, yaushe ya iso, me aka yi da shi? Shiga kasuwa ranar ci ka tare duk wanda ka ga dama. Mai awo zai gaya maka kuɗin tiyar gero a nan da kuɗinta a Daura. Ɗan canji zai gaya maka yadda naira ta kwana da yadda ta tashi. Dillalin dabbobi zai kalli bunsuru sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa, ya kuma faɗi abin da zai yi a Maigatari. Amma ka ce musu nawa ne kason garinsu a harajin man Soraz, sai kallo ya koma sama. Mutanen da ke riƙe da irin wannan lissafi a ka, ba biro ba takarda, su ake nuna wa wai sha'anin kuɗin ƙasa ya fi ƙarfin hankalinsu. Ƙarya ne. Hana su sani aka yi, domin wanda bai san abin da yake bi ba, ba ya zuwa karɓar bashi.

Kuma bashi ne. Magadan gari na Agadas da Difa da Damagaram sun shekara da shekaru suna kuka a kan kuɗin nan, baitulmali ya karɓa ya riƙe, in an matsa a gutsuro wani abu a turo, sauran a ce sai an duba. Rahotannin ITIE, wato shirin nan na duniya da ke bin diddigin kuɗin albarkatun ƙarƙashin ƙasa, sun sha nuna giɓi tsakanin abin da doka ta yanka da abin da aka tura. Amma rahoton da aka rubuta da faransanci, shafi ɗaruruwa, aka ajiye a intanet shekara biyu bayan an kashe kuɗin, wa ya karanta shi a Yekuwa?

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan boko ce. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya da ta Dungas sun haura mutum dubu 900, yau kuwa Allah kaɗai ya san iyakarmu. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito ta shaida wa duniya cewa a sashen yara na asibitin Magarya, wata guda cur, yara goma ke rasuwa kowace rana, zazzaɓi da tamowa. Shekara bakwai ke nan da fara tace mai a jahar. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara na ƙasar Kance, maƙwabtanmu, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar zuwa bara. Daga ina motocinsu suka tashi? Daga Arlit, garin da ƙarfensa ke kunna fitilun Faransa a lokacin. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, mutum 18 suka tafi. Samarinmu suna Jado, suna Cibarakaten, suna haƙar zinariya da hannu, wasu sun dawo da babur, wasu ko labarinsu bai dawo ba. Duk wanda ya danne tamma ɗaya daga kuɗin da doka ta ware wa wannan yanki, ya sani kuɗin magani ya danne, da kuɗin rijiya, da kuɗin ajin da yaranmu za su fita daga rumfar kara.

Za a ce ai mu ba mu da yuraniyom, ba mu da zinariya, mene ne namu a rigimar Arlit? A tambayi dattawa. Kafin a haƙo ko cokali ɗaya na yuraniyom a 1971, gyaɗa ce ke ɗauke da ƙasar nan, kuma daga Magarya da Matamaye da Tasawa da Maraɗi take fita. Da gumin kakanninmu Sonara, kamfanin sayen gyaɗa, ta yi ƙiba, da lampon da suka biya aka biya albashin Yamai. A lokacin ba wanda ya ce gyaɗa ta 'yan kudu ce su kaɗai. Don haka yau muna da bakin magana a kan yuraniyom ɗin Arlit da man Agadem da zinariyar Samira, kamar yadda Buzun Iferwan yake da shi a kan Soraz.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kowace gwamnati ta zo ta iya faɗa da bature, ba wadda ta iya buɗe littafi. Jori Hamani ya nemi Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom a 1974, ana cikin ciniki soja suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu, ƙasa na cikin yunwa. Saini Kunce ya samu kasuwa tana ci, aka yi titin Tawa zuwa Arlit, aka yi otal ɗin Gawai da babban zauren taro na Yamai, farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka wayi gari sai bashi da sharuɗɗan IMF. Tanja Mamadu ya kori shugaban reshen Nijar na kamfanin Areva na Faransa daga ƙasar a 2007, ya tilasta musu ƙara kuɗin kilo daga sefa 27,300 zuwa 40,000, mun yi masa tafi kuma ya cancanta. A 2008 kamfanin CNPC na Sin ya ba shi dalar Amurka miliyan 300 ladan sa hannu a kan rijiyoyin Agadem. Shekara ta zagayo sai ga tazarce, daga baya soja suka kifar da shi suka tsare shi. Bayan ya fito daga tsare aka ji muryarsa yana cewa ya bar miliyar 400 a asusu, waɗanda suka gaje shi suka ce ba haka ba ne, aka yi ta cacar baki, talaka yana sauraro a rediyo. Da akwai littafi a buɗe, ai da rana ɗaya ta raba gardamar.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 sun ga duk wannan, shi ya sa suka ɗaure akuyar da igiya mai kauri. Sashe na 148 ya ce albarkatun ƙasa da na ƙarƙashinta mallakar al'ummar Nijar ne. Sashe na 150 ya ce duk yarjejeniyar bincike da ta haƙa, da duk kuɗin da aka biya gwamnati, kamfani bayan kamfani, a buga su ɗungurungum a jaridar gwamnati. Na 152 ya ce a raba kuɗin tsakanin baitulmali da ƙananan hukumomi. Na 153 ya ce a zuba su a noma da kiwo da lafiya da ilimi, a kuma kafa asusu don 'ya'yan da ba a haifa ba. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka sa irin wannan magana a tsarin mulkinsu. Ƙungiyoyin fararen hula ne suka yi gumin shigar da ita, irin su ROTAB ta Ali Idrisa. Kuma a Maris na 2011 ITIE ta ba Nijar shaidar cika sharuɗɗa. Mun ɗauka an gama.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 2013 Oxfam da ROTAB suka fitar da lissafin da ya nuna cewa a 2010 yuraniyom ya kai kusan kashi 71 cikin 100 na kayan da muke fitarwa, amma bai kai kashi 6 na tattalin arzikin ƙasa ba, saboda rangwamen harajin da Areva ke kwance a kai. Aka yi wata da watanni ana ja, ranar 26 ga Mayu 2014 gwamnatin Mahamadu Isufu ta sa hannu da Areva, aka ce an ci nasara: za a bi dokar 2006, kamfanin zai ba da yuro miliyan 90 don gyaran titin Tawa zuwa Arlit, aikin haƙar yuraniyom na Imuraren kuma an jingine shi. 'Yan fararen hula suka ce madalla, a buga yarjejeniyoyin Somaïr da Cominak, kamfanonin da Areva ke haƙa da su a Arlit, mu gani, kamar yadda sashe na 150 ya ce. Amsar da Ali Idrisa ya samu ita ce 'yan sanda a ƙofar gidansa a watan Yulin 2014, ranar da shugaban Faransa François Hollande ya sauka Yamai.

Sai babbar. A Fabrairun 2017 jaridar Le Courrier ta buga takardar da ta nuna cewa a 2011 an fitar da kusan dalar Amurka miliyan 320, kimanin miliyar 200 na sefa, daga wani asusu mai sunan Sopamin, kamfanin ma'adinai na gwamnati, zuwa asusun wani kamfani mai suna Optima a Dubai. Mai sa hannun shi ne Hasumi Masa'udu, daraktan fadar shugaban ƙasa a lokacin. Ya fito ya ce ciniki ne na Areva da aka bi da shi ta sunan Sopamin, Nijar ba ta yi asarar komai ba, ɗan ladan da aka samu ma motoci aka saya wa masu gadin shugaban ƙasa. Majalisa ta kafa kwamiti, cikin 'yan makonni kwamitin ya ce ba laifi, 'yan adawa suka ce ba da yawunsu ba. Masu shari'a a Faransa suka buɗe nasu binciken. Ni ba alƙali ba ne, amma a ɗauka duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Yaya za a yi miliyar 200 su ratsa ta asusu mai sunan ƙasa, shekara biyar ba wanda ya ji, sai da ɗan jarida ya tono? Kuma yaya aka yi ladan da aka samu da sunan al'umma ya zarce garejin fada bai bi ta kasafin kuɗi ba? A Oktoban 2017 ITIE ta dakatar da Nijar, har da dalilin takura wa 'yan jarida da 'yan fararen hula. Maimakon gwamnati ta gyara, sai ta yi fushi ta fice. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai a Fabrairun 2020 aka lallaɓo aka dawo, a shekarar da binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo miliyar 76 da suka salwanta a sayen makamai. 'Yan Nijar suna da sunan da suka raɗa wa wannan ɗabi'a tun da daɗewa: wasoso.

Yanzu bari in zo kan masu mulkin yau, domin da su nake. Abin da suka yi na a yaba, zan yaba. A Yunin 2024 sun karɓe lasisin Imuraren daga Orano, wato Areva da ta canza suna, kamfanin da ya zauna a kan ɗaya daga cikin manyan ma'adanan yuraniyom na duniya tun 2009 bai fitar da ko kilo ɗaya ba. A Yunin 2025 sun mayar da Somaïr hannun ƙasa, inda Orano ke da kashi 63 da ɗoriya. Wanda ya san yadda aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, aka bar wa mutanen Akokan tulin dattin da ya kai tan miliyan 20 mai fitar da guba, ba zai zubar wa Orano hawaye ba. Ni ma ban zubar ba. Sun rage kuɗin litar esansi zuwa sefa 499 a Yulin 2024, kowa ya ji a aljihunsa. Na ji, na gode.

To amma an ƙwato daga hannun bature an sa a hannun wa? In an ce hannun al'umma, al'umma tana da ido, a nuna mata. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, kusan kilomita 2,000, an gina shi don ganga 90,000 a rana, kuma Janar Abdurahman Tiani da bakinsa ya ce kason Nijar kashi 25.4 ne. A Afrilun 2024 Firaminista Ali Lamin Zen ya karɓo dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC, kuɗin man da ba a sayar ba tukuna, da ruwa kashi 7, a biya cikin wata 12. An faɗi wannan a fili, na yarda. Saura kuma? Jirgi nawa ya ɗauki mai, a kan nawa aka sayar da kowace ganga, nawa ya tafi biyan bashi, nawa ya shiga baitulmali, miliyan 400 ɗin me da me aka yi da su? A Maris na 2025 mun ga layin motoci a gidajen mai na ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai, a watan kuma aka kori manyan Sinawa uku na kamfanonin man. In sun cuce mu, a fito da takardun kowa ya ga cutar. A ƙarshen 2025 an ce za a kai yuraniyom ɗin Somaïr kasuwar duniya. Madalla. Wa zai saya, tan nawa, kilo nawa? Abin da muka zagi Areva a kai shekara hamsin shi ne ita ke haƙa, ita ke aunawa, ita ke yanka farashi a ɗaki. In ɗakin nan yana nan, an canza masu zama a ciki ne kawai, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ga abubuwan da ke sa ni rashin barci. A Fabrairun 2024 an fitar da doka mai lamba 2024-05 wadda ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da na bincike. Ɓangaren da aka yi ɓarnar miliyar 76 a cikinsa shi aka fara ɗauke wa ido. A Janairun 2024 labari ya fito cewa an kama kilo 1,400 na zinariya a filin jirgin Adis Ababa, an ce daga Yamai ta tashi. Aka canza wa ma'aikatan filin jirginmu da dama wurin aiki, aka dakatar da ba da lasisin haƙa. Kilo 1,400 ba a aljihun riga ake fita da shi ba, akwai mai shi, kuma muna jiran sunansa. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi baki ɗaya, aka naɗa kantomomi. Ba na cewa kansilolin da aka sallama waliyyai ne, wasunsu ko zaman majalisa ba sa zuwa sai ranar rabon kuɗin zama. Amma kansila ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a wurin suna da jana'iza, ana iya tare shi. Kantoma wanda ya naɗa shi yake kallo. Sannan a Disamban 2024 aka kama Musa Cangari, ɗaya daga cikin 'yan fararen hular da suka sha ɗauri a 2018 zamanin Isufu. Mutum ɗaya, gwamnati biyu masu gaba da juna, kowace ta ga ya fi dacewa da kurkuku.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta a majalisar shayi. Yaƙi ake, maƙiya sun kewaye mu, in aka fallasa ciniki Faransa za ta toshe hanya, zancen ƙasa ne, a yi haƙuri. Ban raina yaƙin ba, 'ya'yanmu ne ke faɗuwa a Tilaberi da Difa. Amma a yi mini bayani: in aka liƙa a bangon ofishin ƙaramar hukumar Sassumbrum cewa kason garin a harajin Soraz na bana kaza ne, wane sirrin soja ne ya fita? Kamfanin da ya sayi man ya san abin da ya biya. Bankin da kuɗin suka bi ya sani. Masu jirgin ruwa sun sani, 'yan leƙen asirin ƙasashen waje kuwa sun riga kowa. Mutum ɗaya ne tak a duk cinikin bai sani ba, shi ne mai kayan. Zancen ƙasa ai zancen masu ƙasa ne.

Kuma gwamnatin nan ta nuna ta iya lissafi a bainar jama'a in ta so. Tun da aka kafa asusun ceton ƙasa a Oktoban 2023, muna ganin masu ba da gudummawa a talabijin, ana faɗin suna ana faɗin adadi, ana faɗin jimillar da aka tara, har da dala biyu-biyun da ake cira a kuɗin waya. Daidai ne, haka ya kamata. To bakin da ya iya karanta jika biyar ɗin tsohuwa, me ya ɗaure shi a kan miliyoyin ganga? Hukumar yaƙi da almundahana ta COLDEFF ma tana fitowa ta faɗi abin da ta ƙwato daga ɓarayin jiya. Wa ke ƙirga na yau, don kada gobe a sake kafa wata hukumar da sabon suna?

Kowace unguwa a garin nan akwai uwar adashi. Ba ta yi lakwal ba, amma ranar kwasa a gaban kowa take zazzage kuɗi a tabarma, a ƙirga, a ce wance ta zuba, wance saura, yau ɗaukar wance ce. Ranar da ta ce ku yarda da ni kawai, kuɗin suna ɗaki, ranar adashin ya mutu, ko da kuwa ba ta ci ko tamma ba. Abin da matan Sassumbrum ba za su yarda da shi a kan jika goma ba, shi ake so ƙasa ta yarda da shi a kan miliyar ɗari.

An gwada buɗe littafin a wasu wurare, kuma ba nesa ba. Tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ke riƙe da ma'aikatar kuɗi, Najeriya ta fara buga wa duniya abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata. 'Yan uwanmu na Zango da Baure suna iya sanin abin da aka turo da sunansu. Bai hana sata ba, kowa ya san Najeriya, can ne Sanusi Lamiɗo Sanusi ya ce dalar Amurka biliyan 20 na mai ba su shiga asusu ba, aka dakatar da shi daga babban banki a Fabrairun 2014. Amma aƙalla ciyaman ba ya iya rantsuwa cewa ba a turo ba. A Yuganda an bincika aka tarar a farkon shekarun 1990 kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin da ake tura wa makarantun firamare ke isa. Gwamnati ta shiga buga adadin a jaridu, ta ce kowace makaranta ta liƙa nata a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Cadi kuwa ta yi doka mai kyau a 1999, da asusun 'ya'yan gobe da kwamitin sa ido, amma Bankin Duniya ne mai gadinta. Idris Debi ya ga kuɗi sun fara shigowa, ya warware ta a ƙarshen 2005, bankin ya tattara ya tafi a 2008. Dokar da mutanen gari ba su san da ita ba, ranar da aka kashe ta ba mai zuwa ta'aziyya.

Ba Yamai kaɗai nake tuhuma ba. Kuɗin nan in sun iso jaha ma akwai wani wasoson a ƙasa: aji a takarda, rijiya a takarda, gyaran mota sau uku a shekara. Doka ta ce mafi yawan kason a zuba shi a ayyukan da ido zai gani. Shi ya sa lissafin dole ya zama mai kai biyu, abin da ya fito daga baitulmali da abin da aka yi da shi a gari, kowanne da kwanan wata da sunan ɗan kwangila.

Allah gafarta malamai, ku ne kuke ba mu labarin ranar da wani ya miƙe ya ce wa Sayyadina Umar ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya samo ƙarin yadin da ya ɗinka riga, shi kuwa bai sa an kama shi ba, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi bayani. Kuna ba da shi da azumi muna kabbara. Ku ba da shi ranar Juma'ar da gwamna ya zo gari. Ranku ya daɗe sarakuna, ku kuke bi gida-gida a tara lampo, kuma da ku ake jin kunya in talaka ya kasa biya. Wanda ya iya karɓa daga hannun talaka yana da hurumin tambayar abin da aka karɓo da sunan talakan.

Abin da nake nema ba ya cin ko miliyan ɗaya. An jingine tsarin mulkin 2010 tun juyin mulkin Yulin 2023, amma ba abin da ya hana Janar Tiani ya sa hannu gobe a kan takarda mai layi biyar da za ta ce duk yarjejeniyar mai da yuraniyom da zinariya, tsohuwa da sabuwa, ta Sinawa ce ko ta Rashawa ko ta Turkawa ko ta 'yan gida, a buga ta. Sopamin da Sonidep, kamfanin mai na gwamnati, su riƙa faɗin abin da suka sayar da farashinsa duk wata uku. Ministan kuɗi ya fito da jimillar bashin kashi 15 da baitulmali ke riƙe wa kowace jaha, ya faɗi ranar biya. Kason kowace ƙaramar hukuma kuma a liƙa shi a ƙofar ofis, a karanta shi a gidajen rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a sa sanƙira ya faɗe shi ranar kasuwa. Wanda ya yi tambaya a ba shi amsa, a daina aika masa da mota cikin dare.

Ku kuma 'yan uwana na Magarya da Dungas, duk jami'in da ya zo ya tara ku a gindin gawo, kantoma ne ko prefe ko minista, ku bar shi ya gama jawabinsa, ku yi masa barka da zuwa, sannan dattijo ɗaya ya miƙe ya ce: ranka ya daɗe, kashi 15 na harajin Soraz, nawa ne namu na bana, kuma yaushe ya iso? In ya ce zai bincika, ku tambaye shi ranar da zai dawo da amsa, ku sa ɗan makaranta ya rubuta ranar a gabansa.